Daskarar da Kitse Don Gyaran Siffar Jiki: Tambayoyi da Amsoshi

Tallace-tallacen sun cika Instagram da TikTok: hoton ciki kafin aiki, hoton ciki bayan aiki, a ƙasa kuma a rubuta cewa babu yanka, babu allura, babu kwanciya a asibiti. Maganar babu yanka gaskiya ce. Sai dai akwai abubuwa da dama da hotuna biyu ba za su iya faɗa ba, kuma duk wanda zai zare kuɗi masu nauyi ya miƙa jikinsa ga na'ura yana da haƙƙin ya ji su tun bai hau gadon ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan aiki.

Mene ne ainihin daskarar da kitse?

Hanya ce ta rage kitsen da ke kwance a ƙarƙashin fata, ta hanyar sanyaya shi ƙwarai na ɗan lokaci. Likitoci suna ce mata kirayolifolisis, amma an fi sanin ta da sunan na'urar da ta fi shahara, CoolSculpting. Akwai wasu na'urorin masu irin wannan aiki, kamar Clatuu ta Koriya ta Kudu, da Cooltech ta Sifen, da Cristal ta Faransa. Ana ɗora kan na'urar a wurin da ake son ragewa, ya zuƙo naman wurin ya riƙe, ya sanyaya shi da sanyin da ke kaiwa kusan digiri 11 ƙasa da sifili, na tsawon minti 35 zuwa awa guda, gwargwadon irin kan da aka ɗora. Ba a sa mutum barci, ba a fitar da komai daga jikinsa. A ranar babu abin da ya ragu. Jiki ne zai ƙarasa aikin da kansa cikin watanni.

Ta yaya sanyi zai kashe kitse ya bar fata da tsoka?

Duk wadda ta taɓa barin miyar nama ta kwana lokacin hunturu ta riga ta ga amsar da idonta: da safe kitsen ya daskare a sama ya yi fari, ruwan miyar kuwa yana nan yadda yake. Mai yana daskarewa tun ruwa bai yi kusa da zama ƙanƙara ba. Ƙwayar kitse cike take da mai, ƙwayoyin fata da tsoka da jini kuwa ruwa ne ya fi yawa a cikinsu. Don haka akwai wani mataki na sanyi da yake illata ƙwayar kitse alhali sauran suna iya jurewa, kuma a kan wannan ɗan tsakanin aka gina aikin gaba ɗaya.

Likitoci sun daɗe da ganin alamar hakan kafin a ƙera na'ura. A 1970 wasu likitoci biyu a Amurka, Epstein da Oren, suka ba da rahoton ƙaramin yaro da kumatunsa ya yi ja ya kumbura bayan ya tsotsi alawar ƙanƙara. Da aka bincika, kitsen kumatun ne sanyi ya taɓa. A 1980 aka ga irin wannan a cinyoyin mata masu hawan doki cikin tsananin sanyi da matsattsen wando. Daga baya likitocin fata biyu na asibitin Massachusetts General da ke Boston, Dieter Manstein da Rox Anderson, suka tambayi kansu: abin da tsautsayi yake yi, me zai hana a yi shi da gangan, da ma'auni? Suka gwada a jikin aladu, suka wallafa sakamakon a 2008. Kamfanin Zeltiq na jihar Kalifoniya ya ƙera na'urar, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da izinin amfani da ita a kwiɓi a 2010. A 2017 kamfanin Allergan ya saye Zeltiq a kan fiye da dala biliyan 2, abin da ke nuna girman kasuwar da ke bayan waɗancan hotunan.

To ina kitsen yake tafiya? Ba zai taru a hanta ba?

Ƙwayoyin da sanyi ya illata ba sa fashewa nan take, mutuwa suke yi sannu a hankali. Bayan kwana biyu zuwa uku jiki yake fara turo ƙwayoyin garkuwa zuwa wurin, aikinsu ya kai ƙololuwa wajen mako biyu, sannan su ci gaba da haɗiye matattun suna kwashewa har wata biyu zuwa uku. Man da ya fito jiki yana sarrafa shi kamar yadda yake sarrafa man da ya shigo ta abinci. Binciken da aka yi na auna kitsen jini da lafiyar hanta bayan aikin bai nuna wani canji na a zo a gani ba. Amma a masu lafiya aka auna, don haka mai ciwon hanta ya sanar da likitansa tukuna. Maganar da wasu masu talla ke yi cewa za a ga kitsen yana fita a fitsari kuwa ba ta da tushe.

Kilo nawa zan rage?

Kusan babu ko ɗaya. Wannan ita ce amsar da ya kamata a fara faɗa wa kowa a bakin ƙofa, kuma ita ce aka fi ɓoyewa.

Adadin da ake yawan ambata shi ne kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Mutane sukan ji haka su ɗauka kashi ɗaya cikin huɗu na kitsen jikinsu zai tafi. Ba haka ba ne. Abin da ake nufi shi ne kaurin kitsen ɗan wurin da kan na'urar ya kama kawai. Idan kaurin kitsen kwiɓinka santimita 4 ne, zai iya komawa 3 ko sama da haka kaɗan. A 2014 masu bincike a Boston sun daskarar da kwiɓi ɗaya na mutum 11 suka bar ɗayan, sannan suka auna da kyamarar da ke lissafa girman jiki. Bayan wata biyu, bambancin ɓangaren da aka yi wa aiki da wanda aka bari ya tsaya a kusan mililita 40. Wannan bai cika cokalin cin abinci uku ba. Sikeli ba zai ma san an yi wani abu ba.

Ba ina cewa aikin banza ba ne. Cokali uku daga daidai wurin da ke turo riga yana iya canza yadda ɗinki yake zama a jiki, kuma akwai masu yi su ji daɗin abin da suka gani. Amma gyaran siffa daban, rage ƙiba daban. Ita kanta FDA, izinin da ta bayar na yawancin sassan jiki na waɗanda ma'auninsu na BMI, wato lissafin nauyin mutum gwargwadon tsayinsa, bai wuce 30 ba ne. Mai tsayin mita 1.65 da ya kai kilo 82 ya riga ya haura wannan iyaka. Wanda aikin ya dace da shi shi ne mutumin da nauyinsa ya daidaita, yana motsa jiki, yana kula da cimarsa, amma wani dunƙulen kitse guda ya ƙi tafiya. Duk inda aka yi wa mai kilo 110 alkawarin zai fita da sabon jiki, kuɗinsa ake nema.

Tumbina ya fito kuma yana da tauri. Zai yi mini aiki?

A'a, Alhaji, kuma gara ka sani tun yanzu. Kitsen ciki iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, mai laushi, wanda za ka iya damƙa da yatsu ka ɗago. Akwai kuma na can ciki, bayan tsoka, wanda ya lulluɓe hanji da hanta. Shi ne yake tura ciki gaba ya yi tauri. Na'urar ba ta kaiwa gare shi, kuma da za ta kai da ta yi ɓarna.

Abin damuwar shi ne na cikin ne ya fi haɗari, shi ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Idan zagayen ƙugun namiji ya haura santimita 102, ko na mace ya haura 88, abin da ya fi gaggawa shi ne a auna suga da jini. Ko kitsen ƙarƙashin fata da aka cire da yawa ba ya gyara waɗannan cututtuka: a wani bincike na 2004 a Amurka an zuƙe wa mata kusan kilo 10 na kitse ta hanyar tiyata, amma yadda jikinsu ke sarrafa suga da hawan jininsu bai gyaru ba. Shi kitsen ciki yana jin magana idan aka rage tuwo da shinkafa da lemon kwalba aka ƙara tafiyar ƙasa, har ma yakan riga na ƙarƙashin fata sauka.

Na haihu, cikina bai koma ba. In je?

Ki dakata tukuna. Ba a yi wa mai juna biyu, kuma ana ba da shawarar a bari sai an yaye. Bayan haka ma, a fara gano me ya hana cikin komawa, domin sau da yawa ba kitse ba ne. Ga mata da yawa, musamman masu haihuwa kusa-kusa, tsokoki biyu na gaban ciki ne suka rabe suka bar rata a tsakiya. Ga wasu fata ce ta saki. Ga wasu kuma ƙabar cibiya ce. Sanyi ba ya haɗa tsoka, ba a dogara da shi wajen ɗame fatar da ta saki, ba ya goge nankarwa. A kan ƙaba kuwa haɗari ne a ɗora abin da ke zuƙa da ƙarfi. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ta bari likita ya duba tabon kafin a kusance shi. Rabewar tsoka tana da atisayenta na musamman a wurin likitocin gashin ƙashi, mai tsanani kuma sai tiyata.

Waɗanne sassan jiki ake yi wa?

Bayan kwiɓi, FDA ta amince da ciki a 2012, cinya a 2014, ƙasan haɓa a 2015. Daga baya aka ƙara damtse, da kitsen baya, da wanda ke fitowa gefen rigar mama, da ninkin da ke ƙarƙashin mazaunai. Nono ba ya cikin jerin, kumatu ma haka.

Yaya ranar aikin take? Akwai zafi?

Za a auna wurin, a ɗauki hoto, a zana iyakarsa da alƙalami. Sai a shimfiɗa wani ƙyalle jiƙe da man kariya a kan fatar. Wannan ƙyallen shi ne tsakaninki da ƙuna, bai kamata a yanka shi biyu don tsimi ba, bai kamata a sake amfani da wanda aka cire daga jikin wata ba. Minti biyar zuwa goma na farko su ne masu wuya: ja mai ƙarfi, sanyi mai ratsa jiki, tsikari. Daga nan wurin ya mutu, mutum ya iya duba wayarsa ko ya yi gyangyaɗi.

Idan aka cire kan na'urar, naman yakan fito a dunƙule da tauri, sai a yi masa tausa mai ƙarfi ta minti biyu. Mutane da yawa sun fi kuka da wannan tausar a kan sanyin kansa, wasu har jiri yakan ɗebe su. Ana yin ta ne saboda an ga tana ƙara yawan kitsen da ke tafiya.

Bayan an koma gida ana samun ja, kumburi, kwanciyar jini, ƙaiƙayi. Rashin jin taɓawa a wurin yakan ɗauki makonni, wani lokaci har kusan wata biyu. Akwai kuma ciwon da ke zuwa a makare, bayan kamar kwana uku, mai suka da zugi, an fi ganinsa a mata da aka yi wa a ciki. Yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma likita yana da maganin ciwon jijiya da zai rubuta idan ya hana barci. Mafi yawan mutane suna komawa harkokinsu a ranar.

Bikina saura mako uku. Zan samu abin da nake so?

Ba za ki samu ba, amarya. Canji yakan fara bayyana daga mako na uku zuwa na huɗu, cikakkensa sai wata biyu zuwa uku. A mako uku abin da ya fi yiwuwa shi ne ki shiga lalle da kumburi da wurin da ba ya jin taɓawa. Mai son sa wannan a cikin gyaran jikinta ta lissafa aƙalla wata huɗu kafin ranar, idan kuma za a yi zagaye na biyu a wuri guda, wanda akan bar tazarar wata ɗaya zuwa biyu ko fiye, sai ta ƙara a kan haka.

Kitsen yana dawowa?

Ƙwayoyin da suka mutu sun tafi. Binciken cibiyar Karolinska ta Suwidin na 2008 ya nuna cewa yawan ƙwayoyin kitsen baligi ba ya cika canzawa, ƙiba da rama galibi kumbura da motsewar ƙwayoyin da ke nan ne. An kuma bibiyi wasu maza biyu da aka yi wa kwiɓi ɗaya, ɗaya shekara 6 ɗaya shekara 9, ɓangaren da aka daskarar bai kamo ɗan'uwansa ba duk da hawa da saukar nauyinsu. Amma kashi uku cikin huɗu na ƙwayoyin wurin suna nan da ransu, kuma idan aka ƙara nauyi za su cika kamar kowane wuri.

Da gaske ne wani lokaci kitsen ƙaruwa yake yi?

Da gaske ne, kuma duk wurin da bai ambata maka wannan ba kafin ka biya, bai yi maka adalci ba. Likitoci suna taƙaita sunan matsalar da PAH. Maimakon kitsen wurin ya ragu, bayan wata biyu zuwa biyar sai ya fara girma, ya yi tauri, ya fito da iyaka bayyananniya daidai siffar kan na'urar da aka ɗora. Yawanci ba ya ciwo sosai, ba kuma ciwon daji ba ne, amma ba ya jin rage abinci, ba ya jin motsa jiki, ba ya tafiya da kansa. Maganinsa tiyatar zuƙe kitse ce, bayan an jira wata shida zuwa tara ya yi laushi, wani lokaci ma sau ɗaya ba ya isa. Wato wanda ya zo don gudun wuƙa ya ƙare a hannun mai wuƙa, da kuɗin da bai shirya ba.

Sau nawa yake faruwa? Rahoton farko a 2014 ya ƙiyasta sau 1 cikin 20,000. Daga baya kamfanin da kansa ya koma cewa kusan 1 cikin 3,000. Wasu likitoci a Amurka sun ba da rahoto a 2018 cewa a wurinsu 1 cikin 138 suka gani. A lura da wani abu: ana lissafin ne da yawan ɗora na'ura, ba da yawan mutane ba. Mutum guda kuwa akan ɗora masa sau huɗu, shida, takwas, don haka rabonsa na haɗarin ya fi abin da adadin ke nunawa a ido. An fi ganin matsalar a maza, da ƙasan ciki, da kuma inda aka yi amfani da manyan kawuna na tsohon ƙira.

Duniya ta san wannan matsala sosai ne a watan Satumba na 2021, lokacin da Linda Evangelista, 'yar Kanada da ta yi suna a tallan tufafi, ta bayyana cewa abin da ya ɓoye ta daga idon jama'a tsawon shekaru ke nan, bayan aikin da aka yi mata a 2015 da 2016. Ta ce an yi mata tiyatar gyara sau biyu ba a dace ba. Ta kai Zeltiq ƙara tana neman dala miliyan 50, aka sasanta a watan Yuli na 2022. Ita tana da kuɗi da lauyoyi. Mai zuwa wani ɗan shago da babu likita ya tambayi kansa wa zai ɗauki nauyinsa idan abin ya faɗo a kansa.

Su wane ne bai kamata su yi ba?

Akwai cututtukan jini uku da aka hana masu su kwata-kwata: wadda sanyi ke sa wasu sinadaran jini su yi kauri su toshe ƙananan hanyoyi, da wadda sanyi ke sa jajayen ƙwayoyin jini su manne da juna, da wadda sanyi ke fasa su har fitsari ya yi ja ko baƙi. Sai waɗanda ke buƙatar hukuncin likita: mai borin jinin da sanyi ke tayarwa, wanda yatsunsa ke yin fari ko shuɗi su yi ciwo idan ya taɓa ruwan sanyi, mai ciwon suga da jijiyoyinsa suka fara mutuwa, mai shan maganin tsinka jini, mai na'urar daidaita bugun zuciya, mai rauni ko ƙuraje ko ƙyasbi mai tsanani a wurin.

Sikila tana buƙatar magana ta daban, domin littattafan na'urorin an rubuta su ne a ƙasashen da ba ta da yawa, mu kuwa kusan babu dangin da ba ta taɓa ba. Kowane mai sikila ya san abin da sanyi ke yi masa, yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. A ganina mai SS ko SC ba shi da dalilin sa jikinsa a wannan gwaji saboda cokali uku na kitse. Idan ya nace, to likitan jininsa ne zai yanke, ba mai shago ba.

Baƙar fata tana da wata matsala ta daban?

Sanyi ba ruwansa da launi, shi ya sa ta wannan fuskar ya fi wasu na'urorin haske sauƙi a fatarmu. Matsalar tana zuwa ne idan fata ta ji rauni. Baƙar fata takan bar tabo mai duhu ko da bayan ɗan kumburi ne, ya ɗauki watanni bai goge ba, ƙuna kuwa tana iya barin tabo mai tudu ga masu irin wannan jiki. Mai shafa man bilicin ta faɗi gaskiya idan an tambaye ta, ko ba a tambaya ba ta faɗa, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata, kuma siririyar fata ba ta jure ja da sanyi.

Ba zan iya ɗaura ƙanƙara a gida ba? Ko in sayi ƙaramar na'ura ta intanet?

Don Allah kada a yi. Na'urar gaske tana da ma'aunai da ke bibiyar sanyin fata a kowane lokaci, ta kashe kanta idan fatar ta fara daskarewa. Ƙanƙarar firiza tana fitowa da sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ta ƙona saman fata, sannan ta narke tun sanyin bai zauna a kitsen ba. Sakamakon bororo ne da gyambo, kitse kuma yana nan. Ɗamarar ƙanƙara da ake tallatawa haka take. Na'urorin jabu masu kama da na gaske su ne suka fi ban tsoro, saboda suna da ƙarfin ƙonawa ba su da wayon tsayawa. Ko a Faransa, hukumar lafiya ta ƙasar ta fitar da rahoto a 2018 a kan munanan raunukan da ake samu daga wannan aiki, ta nemi a tsaurara ƙa'ida a kan na'urori da horon masu sarrafa su.

Nawa ake kashewa, kuma ta yaya zan gane wurin kirki?

Ana biya ne a kan kowace ɗorawa. Kwiɓi biyu ɗorawa biyu ne aƙalla, ciki yakan ci biyu zuwa huɗu ko fiye, sau da yawa kuma a ce a dawo zagaye na biyu. A Amurka jimillar takan kama daga dala 2,000 zuwa 4,000. Na'urar gaske da kayanta da kuɗin waje ake sayo su, don haka farashin da ya faɗi ƙasa warwas tambaya ce a kan abin da za a ɗora maka. Araha ba ta ado.

Ka tambayi sunan na'urar da kamfanin da ya ƙera ta, ka gan ta da idonka. A Najeriya NAFDAC ce ke rajistar kayan aikin lafiya, MDCN kuma ke rajistar likitoci, ba laifi ba ne ka nemi shaidar duka biyun. Ka tambaya wane likita ne zai duba ka kafin a fara, kuma wa za ka kira da tsakar dare idan fata ta tashi. Ka ce su yi maka bayanin PAH, ka saurari yadda za su amsa, sannan a rubuta wanda zai biya kuɗin gyara. Har wutar lantarki ka tambaya, domin aikin da ya katse a tsakiya ba a kammala shi ba. Alama mafi kyau ita ce wurin da ke iya duba mutum ya ce masa wannan ba naka ba ne.

Wanne ya fi, wannan ko tiyatar zuƙe kitse?

Ba aikinsu ɗaya ba. Tiyata tana cire lita guda ko fiye a zama ɗaya, likita yana sassaƙa siffar da hannunsa, amma akwai allurar kashe zafi ko ta barci, da jinya, da haɗarin zubar jini da ƙwayoyin cuta da gudan jini, har da rasa rai idan aka faɗa hannun da bai ƙware ba. Daskararwa haɗarinta ya fi sauƙi, abin da take cirewa ma kaɗan ne. Akwai masu amfani da zafi maimakon sanyi, kamar SculpSure, su ma ragin nasu bai wuce wannan ba. Allurar Kybella mai narkar da kitse, da aka amince da ita a 2015, ta ƙasan haɓa ce. Alluran rage ƙiba irin su Wegovy kuwa wani babi ne daban: suna rage nauyin jiki gaba ɗaya, magunguna ne na gaske masu illolinsu, likita ne ke rubuta su.

Ya halatta a addini?

Fatawa ta malamai ce. Sukan bambance gyaran da ake yi don kawar da aibi ko cuta da wanda ake yi don ƙarin ado kawai, sukan kuma auna cutarwa da almubazzaranci. Mai tambaya ya kai wa malaminsa cikakken bayani: babu yanka, babu abin da ake shigarwa jiki, ba magani ba ne na wata cuta, akwai ɗan haɗarin nakasa siffa. Sannan wuraren da ake buɗewa, ciki da cinya da baya, al'aura ne, don haka mace ta tabbatar tun kafin ranar cewa mace ce za ta yi mata, ta kuma san inda hotunanta za su tsaya, kada ta wayi gari ta gan su a shafin talla.

An yi mini, ban ga canji ba. Me zan yi?

Ki ba shi wata uku cur, ki kwatanta da hoton farko a tsayuwa iri ɗaya da haske iri ɗaya, ki kuma hau sikeli, domin ƙarin kilo biyu ya isa ya rufe duk abin da aka rage. Akwai jikin da ba ya karɓar aikin sosai, ko da an yi komai daidai. Idan wata huɗu ya wuce babu bambanci, kafin ki biya zagaye na biyu ki ga likitan fata ko na tiyatar gyaran jiki wanda ba shi da hannu a wurin, ya faɗa miki ko kitse ne, ko fata, ko tsoka.

Wasu alamun kuma ba a jira da su. Bororo, fatar da ta yi baƙi ƙirin ko fari fat, zazzaɓi, fitsari mai launin jini, ko kumburi mai ciwo kusa da cibiya tare da amai, duk na zuwa asibiti ne a ranar. Idan kuwa bayan wata biyu wurin ya fara girma yana tauri, kada ki yarda a sake ɗora masa na'ura da sunan gyara. Ki ɗauki hotonsa duk mako, ki karɓi takardar da ke nuna irin na'urar da ranar da aka yi aikin, ki tafi da su wurin likitan tiyata.